Ƙafar da Ba Ta Jin Wuta

Tun da likita a Dutsin-Ma ya ce ciwon suga ne, Malam Rabo ya tsiri ajiye kaskon garwashi a gaban gado kowace yamma, yana ɗumama ƙafafunsa, wai sanyi ya shige su kamar sun kwana a randa. Wata yamma yana cikin haka, yayyafi na ta raɗa a kan kwano, jikarsa Zaituna ta ɗaga labule, dawowarta ke nan daga kasuwar Kurfi.

"Ina wuni, tsoho mai ran ƙarfe? Har yanzu ba a zo ɗaukar ka ba?"

"An zo. Da aka ji ke ce matata, aka ce azabar ta ishe ni haka. Ina raken da na aike ki?"

"Rake? Kai da jininka ya fi zuma? Kiyashi ma sun bar teburin mai shayi suna bin ka bayan gida. Ga saƙon likita." Ta dire masa takalmi rufaffe mai taushi.

"Wannan ai na 'yan firamare ne! Ƙafar da ta sha ƙaya daga Birchi har Tamawa ba ta ce wash ba?"

"To, wanda ya ƙi ji ba ya ƙi gani ba." Ta shinshina. "Au, maƙetaci! Tsire ka ɓoye kana ci kai kaɗai?"

"Ni ma tun ɗazu nake jin ƙaurin. Na ce ko marigayiya kakarki ce ta leƙo ta ga wadda ta gaje ta. Ita ce gwanar ƙona nama."

Suka yi dariya, dariyar ta mutu da kanta. Zaituna ta san ba kowa a gidan, kuma ba wanda ya hura wuta a maƙwabta cikin wannan ruwa. Ƙaurin kuwa sai ƙaruwa yake. A hankali ta sauke idonta. Diddigen tsohon na kwance a leɓen kasko, ya yi baƙi, wani siririn hayaƙi na tashi daga gare shi kamar turare. Shi kuwa yana ta murmushi.

Ta shure kaskon, ta juye masa ruwan buta a ƙafar. "Kaka!"

Malam Rabo ya daɗe yana duban ƙafar kamar ta wani baƙo.

"Ashe da gaske an zo," ya ce a hankali. "Daga ƙasa aka faro."

"Ba a isa ba." Ta kama hannunsa. "Ni ba na takabar rabin miji. Tashi, asibiti za mu."

Ya yi wata 'yar dariya. "Kin ci, ja'ira. Miƙo na 'yan firamaren."

Ta sa masa ɗaya, ta naɗe ɗayar ƙafar da mayafinta. Ya dafa kafaɗarta suka nufi ƙofa.

"Riƙe ni, amarya," ya ce yana fita. "Ki riƙa gaya mini in na taka ƙasa."