Hoton tsohon hanyar Birchi

Ba zan taɓa mantawa da ranar da ƙungiyarmu ta tallafa wa manoma ta taru a Dutsin-Ma don amincewa da ƙa'idojin ɗa'a ba. Ko na so mantawa, abokan aikina ba za su bari ba.

Ni na rubuta ƙa'idojin, ni kuma na fi kowa zaƙewa. Tun kafin ranar taro an ja da ni har bakina ya bushe a kan sharaɗi guda: kada a ɗauki hoton kowa sai da izininsa. "Talaka ma yana da mutunci!" na ce, har da dukan tebur. (Ma'ajinmu ya ce in yi a hankali, teburin na aro ne.)

To, fastar taron ma ni aka ba. Na leƙa wayata na zaɓi hoton wani tsoho da na taɓa ɗauka daga cikin mota a hanyar Birchi, yana zaune gindin kuka, riga duk ƙasa, hula a yage. Na sa aka rubuta, "Mu taimaki marasa ƙarfi," aka liƙa har bakin tasha. Wallahi ban ga aibun abin ba. Laifi tudu ne.

Ranar taro shugaba ya shigo da babban baƙo, wani Alhaji daga Kurfi wanda ke ba mu masara kyauta duk kaka. Ban taɓa sanin fuskarsa ba. Ina tsaka da karanta sharaɗin hoto, sai ya tashi ya matsa kusa da fasta.

"Malam, wa ya ɗauki wanga hoto?"

Na ce ni ne, har da murmushina.

"To ni ne nan. Gonata ce, na zauna in huta. Da babbar riga kake so in yi noma? Ashe shi ya sa surukina ya aiko mani da tiyar gero jiya!"

Ɗaki ya kece da dariya, ni kuwa na so ƙasa ta tsage in shige. Haba jama'a! Duk tsofaffin ƙasar Katsina, sai shi?

Nan take aka amince da ƙa'idojin, ba wanda ya ƙara musu, kuma da ni aka buɗe hukunci: na durƙusa gaban kowa na nemi gafara. Alhaji bai hana mu masara ba, abin da ya fi mini mari zafi.

Yanzu ko akuya zan ɗauka hoto, sai na nemi mai ita.