Kujerar Ladabi

Da na dawo Gummi hutu, Baba na fara gani, zaune a sabuwar kujera, ya sunkuya kamar mai gaida hakimi.

Ni na zana ta a kwamfuta saboda ciwon bayansa. Na ba majingina digiri ɗari da goma, amma ta baya na auna kusurwar, sai ta kifo gaba. Da kafinta ya ga zanen, ya bugo waya yana gardama. Ni kuwa ba kunya na ce, "Kawu, kwamfuta ba ta kuskure."

Baba ya ƙi rabuwa da kujerar. "Ɗiyata taz zana ta," yake gaya wa baƙi, fuskarsa na kallon takalmansu.

Har yau ƙannena Injiniyar Ladabi suke kirana.

Na raɗa wa Inna, "Don Allah, ran da itacen girki ya ƙare, ki tuna da ita."