Mai Layi Biyu Ta Riga Mu Gidan Gaskiya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki nake sanar da 'yan uwa da maƙwabta da abokan ciniki rasuwar wayar gidanmu marar igiya, wadda aka fi sani da Mai Layi Biyu. Rai ya yi halinsa ranar Alhamis da yamma, wajen ƙarfe huɗu da rabi, a kan 'yar kantarta da ke saman bene, tana da shekara tara a duniya. Ba ta yi jinya ba. Wasu a cikin dangi suna cewa tsufa ne. Ni da na tsaya a kanta na ga fitar hayaƙinta, na san ba tsufa ba ne.

Duk wanda zai ce wannan matar ta rasa aikin yi, ta zauna tana rubuta ta'aziyyar roba da batir, to ya saurara. Albarkacin wannan waya ne mahaifiyata ta zauna a hannuna shekara tara, kuma saboda mutuwar wayar ne za a ɗauke min ita ranar Asabar.

Marigayiyar ta shigo gidan nan a shekarar da ɓarin jikin Mama na hagu ya shanye. Ni sana'ata bayar da hayar kujeru da rumfuna. Ofishina yana ƙasa, sito yana baya, ɗakin Mama yana sama. A lokacin ne yayanmu babba, wanda duk dangi ke kira Injiniya, ya fara cewa a kai Mama gidansa, tafiyar awa biyar a mota, tun da ni ba zan iya haɗa kasuwa da jinya ba. Mama ta ce ba inda za ta. Ni kuma na fita na dawo da kwali ɗaya, a cikinsa akwai uwar waya da 'ya'yanta huɗu da wani littafin bayani mai ƙananan rubutu.

Kwana biyu na yi da littafin nan a cinyata. Ni na saka wa kowace 'ya batir, na bar su a gurbin cajinsu yini guda cur kamar yadda aka ce, ina kallonsu hannuna na ƙaiƙayi. Ni na haɗa su da uwarsu ɗaya bayan ɗaya: a danne maɓallin uwa har fitilarta ta fara ƙyafce-ƙyafce, a shigar da lamba a jikin 'ya, a jira ta amsa. Ta uku ta ƙi amsawa har sau biyar, sai da na yi mata magana mai zafi. Na fara ajiye uwar a ofis, muryar Mama ta riƙa zuwa a gutsuttsure. Na mayar da ita ɗakin Mama, sito ya daina ji. Daga ƙarshe na gane wurinta tsakiyar gida ne, saman bene, daura da ƙofar Mama. Na sa kafinta ya buga mata kanta, na ba ta soket nata ita kaɗai, na manna takarda a kai da babban rubutu: KADA A CIRE.

Layi na ɗaya na kasuwa ne, kukansa kirrr-kirrr, kamar mai gaggawa. Layi na biyu na gida ne, kukansa tulu-lu, tulu-lu, da shi dangi ke kira su tambayi jikin Mama su ba ni shawarwarin da ba su taɓa gwadawa ba. Sai kiran cikin gida, tit-tit-tit, wanda ya fi kowanne gajarta. Shi ne muryar Mama. Na ɗiga wa maɓallinsa jan farce don kada ta ɓata, na ɗinka wa wayarta 'yar jaka mai igiya ta rataya a wuya. In ta danna, ko ina cikin sito bayan tulin kujeru, ba na kaiwa minti ɗaya ban iso ba.

Marigayiya ta kasance mai haƙuri, mai rufin asiri. Ba ta taɓa nuna min hoton bikin kowa ba, ba ta taɓa kawo min jita-jita ba. In abokin ciniki yana kan layi na ɗaya Mama ta kira, sai in danna masa maɓallin jira, marigayiya kuma ta riƙe shi da ɗan kiɗanta, tan-tan-taran-tan, har in gyara wa Mama matashi in dawo. Mutane da yawa sun saurari kiɗan nan suna zaton ina duba musu littafin oda, alhali fon Mama nake zubarwa. Ba ta taɓa tona ni ba.

Laifi ɗaya na san an jingina mata, shi ma nawa ne. A makon farko na so in sa wani attajiri ya jira, na danna maɓallin tura kira, ya faɗa hannun Mama. Na fi minti ashirin ina neman inda mutumin ya shige. Da na hau sama na tarar tana tambayarsa sunan amarya da garin su ango, tana gaya masa kujera ɗari uku ba za ta ishe shi ba in dai dangin nasa suna da yawa kamar yadda ya faɗa. Ya ɗauki ɗari biyar. Tun daga ranar Mama ta zama ma'aikaciya. In ina kan wani kira, ita ke ɗauka daga gadonta, ta gaisa, ta ce a dakata, ta turo min. Matar da likita ya ce sai dai a riƙa juya ta, ta koma tana yi min faɗa in na makara buɗe ofis. Wannan shi ne babban aikin da marigayiya ta yi a duniya, kuma babu wanda ya ambace shi a taron dangi.

Ga yadda ajali ya zo. Injiniya ya sauka a gidanmu ranar Alhamis da hantsi, zai halarci wani taro a gari. Ya gaida Mama, ya ci abinci, ya nemi inda zai sa kwamfutarsa caji. Gidan nan yana da soket goma sha ɗaya. Wanda ya yi masa shi ne wanda aka rubuta wa KADA A CIRE. Ya zare filogin marigayiya, filogin da igiyarsa suka sulale bayan kabad, ya soka nasa ya fita. Mutumin da ya gina gadoji, a tunaninsa tun da 'ya'yan wayar suna yawo ba igiya, uwarsu ma iska take sha.

Ina sito ana loda rumfuna a mota, waya tana aljihuna. Na ji ta yi tit sau ɗaya, a raunane. Na ce batir ne, zan sa ta caji anjima. Wannan tit ɗin shi ne kukan 'ya da ta nemi uwarta ta rasa, kuma da na ciro ta na duba fuskarta da na gani a rubuce. Ban duba ba. Wannan rabona ne na laifin, na ɗauka, ba kuma zan roƙi kowa ya rage min shi ba. Awa uku babu kirrr, babu tulu-lu, babu tit-tit-tit. Har daɗi na ji. Na ce yau Mama ta sami barcin rana, kasuwa ma ta ba ni hutu.

Ƙarfe huɗu na hau da shayinta. Na same ta a ƙasa tsakanin gado da kujerar fo, zaninta a jiƙe, babban yatsanta a kan jan farcen nan. Ta miƙa hannu ne za ta jawo kofin ruwa ta zame. Ba ta karye ba, amma ƙugunta ya yi baƙi kamar gindin tukunya. Abin da ta fara ce min shi ne, "Na yi ta dannawa."

Ina cikin canza mata kaya Injiniya ya dawo. Ya ji abin da ya faru, ya juya ya ga fitilar uwar waya a mace, ya gane. Ya laluba filoginta bai samu ba, kabad kuma ya yi masa nauyi. Sai ya zare bakin cajar kwamfutarsa ya zura mata a baya, tun da ramin ya yi daidai. Na fito ɗebo ruwan zafi daidai lokacin. Marigayiya ta yi fat, fitilarta ta haska sau ɗaya fiye da yadda ta taɓa haskawa, wani siririn hayaƙi ya fito, warin ƙonanniyar roba ya cika benen. Injiniya yana tsaye da igiya a hannu ya dube ni ya ce, "Tsohuwar waya ce, dama ta gaji."

Mai gyaran da ke bakin titinmu ya buɗe cikinta washegari, ya shinshina, ya mayar ya rufe. Ya ce an ɗura mata wutar da ta ninka tata har uku, ba abin da ya rage sai kwanson. Ya tambayi wanda ya yi wannan aika-aika. Na ce injiniya ne. Ya yi dariya, ya zaci wasa nake.

An yi taron dangi ranar Lahadi a ɗakin Mama, kawunmu ne ya jagoranta. Injiniya ya yi magana mai tsawo da murya mai sanyi, ta mutumin da ya damu. Ya ce awa uku uwarsa tana ƙasa, 'yarta tana ƙarƙashin rufi ɗaya da ita ba ta sani ba. Ya ce a gidansa akwai nas, akwai mai aiki, akwai ɗaki a ƙasa. Na ce zan sayo sabuwar waya a ranar, na san yadda ake haɗawa. Ya ce, "Ba za mu sake barin ran Mama a hannun waya ba." Na ce shekara tara ran nata yana hannun wayar lafiya lau, sai da wani ya cire filogi. Kawu ya ɗaga min hannu ya ce, "Ke, yayanki ne. Iya bakinki."

Ban damu da Kawu ba, don ina da shaida. Ƙofar Mama a buɗe take ranar, tana kallon kantar daga gadonta. Ita da bakinta ta gaya min, ina shafa mata magani a ƙugu: "Na ce masa kar ya cire, ya ce minti biyar ne." Saboda haka na ce a tambaye ta. Kawu ya matsa kusa ya ce, "Yaya, kin ga wanda ya taɓa wayar nan?" Mama ta dubi ɗanta na fari, ta dubi bango, ta ce, "Ni ban ga komai ba."

Ina jin haushin Injiniya, kuma ba zan ɓoye ba. Amma haushinsa mai sauƙi ne, ina iya cin abinci da shi. Na Mama ne ya hana ni. Na sani ɗanta ne, ba za ta kunyata shi a gaban ƙaninta ba. Na sani, na kuma fahimta. Sai dai ni ma ita ta haife ni, kuma ni ce na ɗaga ta daga ƙasa.

Marigayiya ta rasu ta bar 'ya'ya huɗu, dukkansu da rai, da cikakken caji, ba mai amfani ko ɗaya. Ta ɗaya tana kan teburin ofis, ta uku tana kicin, ta huɗu tana aljihuna don hannuna ya saba. Kowacce ta rubuta a fuskarta tana neman uwa. Ta bar layi biyu da ke ringin a kunnen masu kira, gidan kuma shiru. Ta bar abokan ciniki da suka fara komawa wurin mai hayar kujerun da ke bayan tasha, wanda kujerunsa ke karyewa da mutane. Ta bar soket ɗaya da babu mai sha'awarsa yanzu.

Ta biyu, wadda ke wuyan Mama, ba za ta halarci jana'iza ba. Jiya ina haɗa wa Mama kaya na miƙa hannu zan cire mata jakar wuya, ta dafe ta da hannunta mai lafiya. Ta ce, "In na danna daga can, zai iso ki?" Na so in yi mata ƙarya, bakina ya ƙi. Na ce, "Ba zai iso ba, Mama." Ta gyaɗa kai, ta tura jakar cikin riga. Ba ta ce min komai game da ranar Lahadi ba, ni ma ban ce ba.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da ƙarfe goma na safe. Za a sa marigayiya a kwalin da ta zo a ciki, tare da littafin bayaninta da filoginta da aka ciro daga bayan kabad. 'Ya'yanta uku za su raka ta. Za a fita da ita ta ƙofar baya, a bi ta gefen sito, a kai ta shagon mai gyara, wanda ya yi alkawarin ajiye ta a saman kanta ba tare da ya farke ta ba. Ba a buƙatar rakiya, ni kaɗai zan ɗauka. Masu son yin ta'aziyya su zo da ƙafarsu, kada su kira. Kujeru akwai, sun fi dubu.

Ana sanar da dangi cewa a wannan lokacin ne, ƙarfe goma daidai, motar Injiniya za ta tsaya a ƙofar gaba. Duk mai son yin sallama da Mama ya tsaya a can, kada a neme ni, kada a aiko a kira ni. Ni na zaɓi lokacin jana'izar da kaina. Wanda ya gamu da ni a lungun baya da kwali a hannu ina kuka, ya wuce abinsa, ya je ya ce don waya nake yi.