Kwaɗon da Bubayero Ya Aika a Sayo

"…Ya gajiyar hanya? Ya mutanen Gaya?"

"Suna gaishe ka. Sun ce in duba ko har yanzu kana numfashi."

"Ki ce musu sai na raka su maƙabarta ɗaya bayan ɗaya. Shigo, amarya. Kin rame. Boko bai bar miki komai ba sai tabarau."

Fiddausi ta cire takalmi a bakin ƙofa, ta zauna a gefen tabarma a zauren kakanta Bubayero, a Toranke. Ita ba mai yawan magana ba ce. Har ta gama jami'a, rabin 'yan ajinsu ba su san muryarta ba. Amma a gaban wannan tsoho, mahaifin mahaifiyarta, bakinta a sake yake tun tana ƙarama. Shekaranjiya ya aika mata ta sayo masa kwaɗo mai ƙarfi a kasuwar Gaya. Ta sayo, tana zaton na rumbu ne. Sai ɗazu a bakin rijiya Zuhra, 'yar marigayi kawunta, ta ja ta gefe ta gaya mata gaskiya. Gobe dangin saurayin Zuhra za su zo ganin gida, kwaɗon kuwa na ɗakin da za a rufe Hure, ƙanwar Zuhrar, ne har su tafi. Hure shekararta tara. Sanƙarau ne ya toshe mata kunne tun tana 'yar shekara uku.

"Ina saƙona?" in ji tsoho.

"Ga shi." Ta ajiye kwaɗon a kan tabarma, ta dunƙule makullan a hannunta.

"Makullan fa?"

"Mai shagon ya ce ba a ba mai furfura. Yana mantawa ya haɗiye."

"Ja'ira! Ni da na kulle uwarki a gida har ta girma ba ta ɓata ba? Wai me ma kika karanta ne? An ce mini karatun maza da mata."

"Nazarin jinsi, da koyar da yara masu lalura."

"Shekara huɗu kina koyon bambanta namiji da mace! Ni ko a garke, daga nesa nake ganewa."

"Shi ya sa shanun suka gudu suka bar ka da awaki uku."

"Sayar da su na yi in biya sadakinki, kika tsufa a makaranta."

"Ni ba na auren mai kulle yara."

Tsoho ya yi kamar bai ji ba. Ya ɗauko goro daga aljihu, ya ɓara, ya riƙe bai ci ba.

"Wa ya gaya miki?"

"Ƙofar ɗakin ce ta gaya mini. Na ga inda farce ya kankare ta daga ciki."

"Kaji ne."

"Kajin gidanka har tsayin ƙirjina suke kaiwa?"

"Gidan nan komai namu babba ne, ban da hankalin jikoki." Ya yi tari. "Da sakata muke sa mata, ta koyi zare ta da kara. Yarinyar akwai wayo, ni ta biyo."

"To mai wayon za ka sa wa ƙarfe?"

"Yini ɗaya ne, Fiddausi. Ba ki nan bara. Mutanen farko suka zo, suka gan ta tana nuni da hannu tana gurnani. Wata tsohuwa a cikinsu ta ce, a'a, wannan abu a jini yake. Suka sha furarmu suka tafi, ko saƙo ba su sake aikowa ba. Zuhra ta yi wata guda tana juya tuwo a kwano ba ta ci."

"Ciwo ne, ba gado ba. Kai ka goya ta a keke zuwa asibiti."

"Ni na sani. Su ne ba su sani ba."

"To su ka saya wa kwaɗo."

Ya harare ta, gefen bakinsa ya motsa, amma dariyar ba ta fito ba.

Fiddausi ta dubi hannunta. Litinin za ta fara koyarwa a wata firamare a Gafasa. Da ƙyar hedimasta ya yarda ya ba ta aji ɗaya na zango ɗaya, ta zaunar da kurame tare da masu ji, tana koyar da su duka da baki da hannu. In ba kurma ko ɗaya ya zo, a mayar da ajin ɗakin ajiye kujeru, ita kuma ta koma Gaya ta rataye takardarta a bango.

"Gida bakwai na shiga, Bubayero," ta ce. "Kuramen maza biyu an kai su makaranta Kano. Matan duk suna ƙuryar ɗaki. Kowane gida amsa ɗaya suke ba ni: Malama, fara da ta gidanku."

"Malama! Ke da kike fitsari a bayana?"

"Bashin fitsarin nake so in biya. Ka ba ni Hure."

"In ba ki ita ki kai ta ina? Hanyar Gafasa dawa ce ta rufe hagu da dama. Mace ce. Ba ta jin taku a bayanta. In wani la'ananne ya tare ta, da wane baki za ta faɗa?"

"Yanzu ma da wane baki za ta faɗa? A gidan nan wa ya san abin da take cewa, ban da yunwa da ƙishirwa? Ko an taɓa ta, ko ba a taɓa ta ba, ba wanda zai iya tambayarta. Kai ma ba za ka iya ba."

Tsoho ya runtse ido.

"Hannunta zan koya wa magana," in ji Fiddausi, muryarta ta yi ƙasa. "Ta iya cewa wane ne, a ina, yaushe. Ni zan riƙa ɗaukarta a babur in dawo da ita."

"Ke da babur? Gara la'anannen ya tare ta."

"Na fi ka iya tuƙi. Kekenka har yau kunyarka yake ji."

Ana haka sai aka ji kukan awaki a waje. Hure ce ta dawo daga kiwo, da igiya a hannu, ƙafafunta duk ƙaiƙayi. Ta iso bakin zaure da gudu, sai ta tsaya cak. Idonta na kan takalmin Fiddausi, sabon takalmin birni da ba ta sani ba. Ba ta ɗaga kai ta ga mai shi ba. Ta saki igiyar, ta bi jikin bango ta wuce su sum-sum. Ta ƙofar ciki suna hango ta: ta ƙetare tsakar gida, ta shiga ƙaramin ɗakin nan na kusa da turken awaki, ta jawo ƙofa ta rufe kanta.

Ba wanda ya kore ta. Ba wanda ya ko nuna mata.

Goron da ke hannun Bubayero ya faɗi kan tabarma, bai ɗauka ba. Ya daɗe yana kallon ƙofar nan.

"Takalminki ne," ya ce a ƙarshe. "Muninsa ya kori jikata."

"Eh. Takalmina ne."

"Tun yaushe take yin haka?"

"Zuhra ta ce tun bayan salla."

"Zuhrar me ta ce game da gobe?"

"Ta ce in sun tafi, su tafi. Tana kuka ta faɗa, amma ta faɗa."

Tsoho ya goge fuska da gefen rawaninsa. Ya ɗauki kwaɗon ya auna nauyinsa a tafin hannu.

"Ajin naki yana da ƙofa?"

"Yana da ita. Igiya ake ɗaure ta da ita."

"Na sani. Makarantar da ta ɗauke ki aiki ai ba za ta iya sayen kwaɗo ba." Ya yi wata gajeriyar dariya mai kama da tari, ya jefa mata kwaɗon a cinya. "Ungo, sadakinki ke nan, kar ki sake tambayata. Ki kulle littattafanku kar awaki su riga yaran karatu."

"Goben fa?"

"Gobe a tsakar gida za ta zauna, ita za ta miƙa musu ruwa. In sun gudu, ke za ki zo ki lallashi Zuhra, ni na tsufa." Ya dafa sanda ya miƙe da ƙyar. "Tashi mu je. Ki nuna mini yadda ake cewa fito da hannu. Kuma ki ɓoye takalman nan tukuna."