Rasuwar Sanda Mai Huji Tara

Da zuciya cike da baƙin ciki, amma da kai a ɗage, autar gidan mai walda, wadda yaran firamare suka laƙaba wa Ƙafa-uku kuma har yau ba ta ga dalilin ƙin amsawa ba, tana sanar da 'yan uwa, maƙwabta da abokan aiki rasuwar ƙafarta ta uku, wato sandar da take dogarawa, wadda a gida ake kira Madogara. Rai ya yi halinsa ranar Laraba da misalin ƙarfe takwas da kwata na safe, a matakala ta goma sha ɗaya ta benen ofishin masu zanen gine-gine, inda autar ta fara aiki wata biyu da suka wuce. Marigayiyar ta rasu tana da shekara goma sha takwas, bayan jinyar kwana uku.

An haife ta a shagon Baba, a shekarar da autar ta cika shida, bayan zazzaɓin da ya shanye mata ƙafar hagu. An fara kawo sandar asibiti, yarinya ta ɗaga ta sau biyu ta zauna tana haki, domin an yi ta ne don wani ƙato da ba wanda ya san shi. Sai Baba ya miƙe. Ya sauko da wani tsohon keke da ke rataye a bango, saboda ƙarfen keke ba shi da nauyi kuma ba ya saurin lanƙwasa, ya yanko bututu biyu, ya zura siririn cikin mai kaurin. A jikin siririn ya huda huji tara, tazarar yatsa uku-uku, ya sa noti mai kunne wanda yatsun yarinya za su iya murɗawa.

"Duk ranar da kika ji kina sunkuyawa, ki ƙara mata tsayi da kanki," in ji shi. "Ban yarda ki zauna jiran wani ya zo da sifana ba."

Mariƙin ma ba a kasuwa aka same shi ba. Baba ya ba yarinya curin yumɓu ya ce ta damƙe da hannun dama kamar za ta miƙe tsaye, ya shanya shi, ya kai wa kafinta maƙwabcinsa ya sassaƙa irinsa da katako. Sau uku ana sake wannan aiki yayin da hannu yake girma. Na ukun an yi shi wata biyar kafin Baba ya riga mu gidan gaskiya, shi ya sa har ranar Laraba akwai gurbin babban yatsan da shi da kansa ya goge da yashi. A ƙasa kuma ya sa wa sandar takalmi na guntun tayar babbar mota, ya tsaga shi gicciye, ya karkata shi kaɗan daidai yadda sandar take sauka ƙasa. A gefe ya manna 'yar ƙugiya don rataye jaka, domin hannun hagu ya zama ɗan kansa.

Waɗanda suka zauna da marigayiya sun shaide ta da rashin son a sani. Ba ta da fenti, ba ta ƙyalli, ba ta taɓa jan ido a taro ba. Muryarta ma ƙasa-ƙasa ce: *dum, dum* a kan siminti, *cif, cif* a cikin taɓo, sai ɗan *ƙis* na noti idan tana son a kula da ita. Inna takan gane 'yarta ta dawo tun daga bakin layi, ta kuma gane ko da fushi ta dawo. Marigayiya ta yi firamare, ta yi sakandare, ta yi shekara biyar a jami'a ba ta taɓa fashin aji ba. Ta tsallake kwatoci ba iyaka, ta tare ƙofar motar haya da direba ya so ya ja tun mai ita ba ta gama hawa ba, sau ɗaya kuma, a aji huɗu, ta sauka a ƙwaurin wani mai kwaikwayon tafiyar mutane. Iyalan marigayiya ba su taɓa neman afuwa kan wannan ba, yau ma ba su nema. A wurinta autar ta koyi abin da malaman zane suka zo suna faɗa daga baya da dogon Turanci: abin da aka ƙera da kyau mantawa ake yi da shi, sai ranar da babu shi.

Tsayin autar ya tsaya a huji na takwas. Na tara yana can ɓoye cikin babban bututu, ba a taɓa kai masa ba. Baba ya yi wa 'yarsa zaton tsayin da ba ta cika ba, a wannan kaɗai lissafinsa ya kuskure.

Ciwon ajali ya shigo ne ta hannun masoyi. Yaya, wanda ya gaji shagon walda, ya daɗe yana kallon guntun tayar nan yana jin nauyi, yanzu da ƙanwarsa take shiga ofis mai ƙofar gilashi. Ranar Lahadi, tana wanka, ya cire takalmin Baba ya sa wani farin na roba mai tauri, sumul kamar ƙwai.

"Auta, duba!" ya ce, bakinsa har kunne. "Yanzu kin zama ma'aikaciya sosai. Ai ba a shiga cikin manya da taya."

Ta ji muryar sandar ta sauya nan take. *Ƙwas, ƙwas*, kamar baƙuwa a gidan. Ta san abin da hakan yake nufi, ita da ta karanci yadda ƙasa take riƙe ƙafa. Amma ta dubi fuskar Yaya ta yi shiru, ta ce wa ranta sai ƙarshen mako ta lallaɓa ta mayar. Wannan shirun nata ne, ba ta ɗora wa kowa shi.

Benen ofishin kuwa abin kallo ne, baƙi har hoto suke tsayawa ɗauka. Tayil ne mai sheƙi kamar ruwa, ƙarfen riƙewa kuma ɓangare ɗaya tak, na dama, wato hannun da yake riƙe da sanda. Ranar Laraba an goge shi da safe bai gama bushewa ba. A matakala ta goma sha ɗaya farin takalmi ya zame. Marigayiya ta faɗa tsakanin ƙarafan gefe ta maƙale, ta ɗauki nauyin mai ita gaba ɗaya har autar ta samu ta cafki ƙarfe da hannun hagu, sannan marigayiya ta ce *ƙaras*. Wannan ce kalmarta ta ƙarshe, kuma ita ce mafi ƙarfi da ta taɓa furtawa. Autar ta tsira da gurɗewar wuyan hannu da ƙujewar gwiwa. Maza biyu suka sauko da ita a kan kujera, abin da ba a taɓa yi mata ba tun tana shekara shida, kuma wannan ya fi targaɗen ciwo.

Marigayiya ta bar mariƙinta na katako, ko tsagewa bai yi ba. Ta bar noti mai kunne, da ƙugiya, da tsohon takalmin taya wanda aka tono a kwandon sharar shago. Ta bar Inna, wadda tun Laraba take cewa, "Auta, ki haƙura da benen nan, aikin duniya bai ƙare ba." Ta bar Yaya, wanda bai kunna injin walda ba kwana biyu, bai kuma iya haɗa ido da kowa ba. Ta bar shugaban ofis, wanda ya aiko da gaisuwa tare da albishir cewa an share wa autar wani ɗaki a ƙasa, kusa da inda ake ajiye tsofaffin takardu, don kada ta ƙara wahala. Ɗakin zane yana sama. Teburinta yana sama. Wanda aka ajiye a ƙasa kwafin takarda zai riƙa yi har ya tsufa, wannan kowa ya sani, har da mai albishir ɗin.

Ana karɓar gaisuwa a gida, amma ana roƙon masu zuwa su bar "ai sanda ce kawai" a bakin ƙofa tare da takalmansu. Masu niyyar kawo sabuwa daga kanti, Allah ya saka da alheri, akwai uku a bayan ƙofa.

Ga yadda jana'iza za ta kasance. Ranar Juma'a autar ta kai wa Yaya zane, da awo a rubuce, ta ajiye masa a kan teburin shago tare da mariƙin Baba da guntun taya.

"Ni zan yi?" ya tambaya. "Bayan abin da na jawo?"

"Wa ka ga ya rage a gidan nan mai hannun Baba? Tashi ka nemo keke, Yaya. Kuma in na ga fenti, ni da kai ne."

Za a ɗauki gawar daga gida ranar Litinin da ƙarfe bakwai da rabi na safe. Ba za a binne ta ba. Za ta hau benen da ya kashe ta, matakala ashirin da huɗu, Yaya yana ɗauke da ita a baya, autar tana gaba a kan sabuwar sanda. Ba a buƙatar mai tallabe, ba a buƙatar kujera. Wanda ya ga tafiyar ta yi masa jinkiri ya yi haƙuri ya bi sahu, haka ake rakiyar mamaci. A sama za a shimfiɗa ta a teburin shugaban ofis, a gefenta takarda guda: zanen ƙarfen riƙewa na hagu, da layi mai kaushi a bakin kowace matakala. In ya so ya karanta, aikinsa ke nan.

Daga nan za a kai ta makwancinta, bangon da ke bayan teburin autar, a ɗakin zane. Da aka zare bututun ranar Alhamis, huji na tara ya fito fili a karon farko, fes, ko tsatsa babu. Ta nan ƙusa za ta shiga.