Rasuwar Tsarin Allon Uwar Ofis

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da idanun da ba su da sauran ƙarfin kuka, sakatariyarmu, wadda kowa ke kira Uwar Ofis, tana sanar da 'yan'uwa da abokan aiki rasuwar tsarin allon kwamfutarta, wanda aka wayi gari ranar Litinin babu shi.

Marigayin ba a kanti aka sayo shi ba. Ita ta raine shi da hannunta, shekara da shekaru, tun lokacin da haruffa suka fara yi mata hazo, ta kuwa ɓoye wa kowa lalurar. Ta mayar da bayan allon baƙi, rubutun rawaya, manya-manya. Ta kwashe tarkacen maɓallan da ba ta taɓawa, ta jera na kullum a gefen dama, inda idonta mai sauran gani yake. Na gogewa kuwa ta kai shi can nesa da na adanawa, kada hannu ya yi ɓatan kai.

Allah sarki, marigayin mai rufin asiri ne. Bai taɓa kai ƙararta wajen manaja ba. In ta adana aiki ya ce "ƙilin!" hankalinta ya kwanta. In za ta tafka ɓarna ya ce "ɗum!" ta janye hannu. Manaja na yabon aikinta a gaban baƙi, bai san da kunne take yin rabinsa ba.

Jinyar ba ta yi tsawo ba. Wani saƙo ne ya yi ta leƙowa yana neman a sabunta manhajar, tana korarsa. Sai umarni ya sauko daga sama, wai allon kowa ya zama iri ɗaya. Haba jama'a! Ko takalmi ai kowa da lambarsa. Injiniyan ofis ya bi kwamfutoci a ƙarshen mako ya sabunta, ya kulle wurin canje-canje. Da ta kunna, allo ya buɗe fari fat, maɓallai ƙanana kamar tururuwa. Ta lalubi nata ta rasa, garin neman na adanawa hannu ya sauka kan na gogewa, babu "ɗum!", rahoton taro ya tafi.

An yi ƙoƙarin ceto shi. Injiniyan ya ce ana buɗe wa mai lalurar ido, muddin ya kawo takardar likita manaja ya sa hannu. To, a ofishin da ake ta rage ma'aikata, ana neman wanda za a ce ya gaji, wa zai kai kansa? Tsoro take ji, ba kaɗan ba.

Marigayin ya bar madannai waɗanda haruffansu suka goge, da firinta mai tari, da tabarau da ke ɓoye a ƙasan jaka, da jikoki marayu da ke ci daga aikin nan ba su ma san da shi ba.

Za a yi jana'iza gobe da safe a ofishin manaja, inda aka kira ta ta faɗi yadda ta goge rahoton taro da hannunta. Daga nan za a zauna karɓar gaisuwa a teburinta, in har teburin yana nan nata. Ana roƙon masu zuwa kada su ce mata za ta saba. Su dai yi sallama da ƙarfi, su faɗi ko su wane ne, don daga bakin ƙofa ta daɗe ba ta gane fuska.