Rasuwar Tsohuwa, Jitar da Ɗan Gwaggona Ya Kashe

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma wani abu da ya fi baƙin ciki zafi, ni mawaƙiya mai zaman kanta, a madadin mai ganga, da mai gyaran jita, da 'yan tsirarun da ke zuwa sauraronmu ko da ruwa ake tsugawa, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar jitata, wadda kowa ya sani da Tsohuwa. Rai ya yi halinsa ranar Asabar da ta wuce, a kan dandamali, gaban jama'a, ana tafi ana sowa. Ba jinya ta yi ba. Kashe ta aka yi, kuma wanda ya kashe ta ɗan gwaggona ne, mawaƙin rok ɗin nan, kiɗan Turawa mai ƙara, da kuke kira Tsawa.

Marigayiya ta shigo gidanmu ne a hannun Baba, Allah ya jiƙansa, shekarar da na gama sakandare. A shagon tsofaffin kaya ya samo ta, ya kawo ta cikin buhu don kada maƙwabta su gani su ce zai lalata 'yarsa da kiɗa. Tun a ranar take da tabo a ƙugu da ƙanshin tsohon katako, shi ya sa sunan ya bi ta.

Duk wanda ya zauna da ita zai shaide ta da alheri. Ba ta taɓa neman lantarki ba. In wuta ta ɗauke a zaure, manyan lasifikoki suka yi tsit, mawaƙan gayu suka kama sosa ƙeya, ita ce ke riƙe jama'a har wuta ta dawo. Ta kwana a tasha, ta kwana a bayan bas, ta zama matashin kaina a ɗakunan haya da ba na son tunawa. A cikin durowar kayana muka ɗauki faifanmu na farko, ni da ita a tsakanin riguna, saboda nan ne kaɗai ƙarar titi ba ta shiga. Sau da yawa masu kamfanin waƙa sun zo da takarda da murmushi, wai in ajiye wannan katakon su mai da ni tauraruwa. Nakan koma ɗaki in ɗora ta a cinya, in taɓa babbar tsirkiya ta ce dirim, sai in ji bakina ya ƙi cewa to. Tsirkiyarta ta huɗu kuwa tana da wani zirr da mai gyara ya yi iya yinsa bai raba ta da shi ba, ƙarshe ya ce halinta ne, a bar ta. Ciwonta ɗaya a duniya, ta taɓa faɗowa daga saman bas wuyanta ya tsage, mai gyara ya ɗinke shi da gam ya naɗe da jan salatif.

Yadda ajali ya zo kuwa, ga shi. Tsawa yana da al'ada: in ya gama wasa sai ya ɗaga jita ya rotsa ta da ƙasa, jama'a su haukace. Ba tasa yake fasawa ba, yo ina, tasa ko ƙuda ba ya bari ya sauka a kanta. Wata 'yar araha ake saya masa, a naɗa mata jan salatif a wuya don ya gane ta, a jingine ta a gefen dandamali. Ni ce nake buɗe masa wasa, in yi waƙoƙina kafin shi ya fito, kuma ba zan ɓoye ba, manyan zaurukan da nake takawa duk ta hanyarsa nake samu. A ranar na gama nawa, na jingine Tsohuwa a gefe na je shan ruwa. Ina dawowa na gan ta a sama, a hannunsa.

Manajansa ya ce kuskure ne, jan salatif ne ya ruɗe shi. Kuskuren me? A kan Tsohuwa ya koyi ɗora yatsu, a ɗakinmu, yana kuka wai tsirkiya na yanka shi. Ya goya ta a bayansa tun bai da gemu. Ko makaho ne shi, nauyinta ya isa ya faɗa masa wace ce. Na ga ya dube ta, ya ɗan tsaya, sannan ya dubi masu ɗaukar bidiyo. Ta ce ƙwas, ta ce dirim sau ɗaya ba tare da kowa ya taɓa ta ba, shi ke nan.

Washegari ya sa bidiyon a shafinsa, ya rubuta wai mun shirya ne tare, alama ce ta binne tsohon yayi. Da rana sai ga manaja da sabuwar jita fil a kwali, tana ƙyalli kamar motar amarya, da saƙon cewa in fito in tabbatar da maganar, sauran wasannin shekara kuma suna nan a ajiye domina. Da yamma Gwaggo ta zo da kanta. Ta zauna a bakin gado ta riƙe hannuna ta ce, “'Yar nan, katako ne fa. Za ki ɓata zumunci a kan katako? Ɗan uwanki ne, ki rufa masa asiri.” Na ce, “To, Gwaggo, na ji.” Ban ce na yarda ba. Sabuwar jitar tana nan cikin kwalinta a bakin ƙofa, mai ita ya aiko a ɗauka kafin ruwa ya taɓa ta.

Marigayiya ta rasu ta bar ni, marainiyarta. Ta bar jakarta mai mataccen zik, da madaurin kafaɗa da gumina ya cinye, da kujerar da take jingina a kanta. Ta bar 'ya'ya masu yawa, wato waƙoƙina, wasu sun shiga duniya wasu suna gida ba su yi tafiya ba tukuna. A cikinsu akwai babbar 'yarta da aka bayar riƙo, kuma yau zan faɗi inda take. Ita ce “Bar Fitila a Kunne,” waƙar da ta yi wa Tsawa suna da gida da mota, wadda yake cewa a rediyo ya rubuta ta ne saboda wata budurwa da ta guje shi. Babu wata budurwa. Ni na rubuta ta, Tsohuwa na kan cinyata, a barandar asibiti, makon da Baba ya bar mu. Maganar Baba ce, kullum in zan fita daga ɗakin jinya sai ya faɗe ta. Tsawa ya roƙe ni aronta lokacin ba shi da waƙa ko ɗaya da za a saurara, ni kuma a lokacin ba na iya rera ta ba tare da muryata ta karye ba, na ba shi. Ya yanke baitin ƙarshe, inda gadon asibiti yake da sunan da Baba ke kiran ƙanwarsa da shi, ya sa mata ganguna, ya manta hanyar dawo da ita gida. Na yi shiru shekara da shekaru, saboda naka naka ne. To, shiru-shiru ba tsoro ba ne, tura ta kai bango.

Na san abin da wannan sanarwar za ta jawo mini. Daga yau babu babban zaure, babu fitilu masu launi, wataƙila babu gaisuwa a wasu gidajen dangi. Na auna, na ɗauka. A gefen titi na fara, titin bai tafi ko'ina ba.

Za a yi jana'iza ranar Asabar mai zuwa bayan la'asar, a filin ajiye motoci da ke fuskantar zauren da Tsawa zai yi wasa, daidai lokacin da mutanensa ke bin layin tikiti. Shiga kyauta ne. Mai gyara ya tattara gawar a cikin jakarta, za a ɗora ta a kan kujera kowa ya gani da idonsa. Ba a buƙatar furanni, ba a karɓar gudummawar jita daga kowa. Masu ɗaukar bidiyo su zo da waya cike da caji, wannan karon ni nake gayyatarsu. Ba za a yi kiɗa ba, mai ganga zai zauna hannu a naɗe. Ni kaɗai zan tsaya, da baki zalla, in rera “Bar Fitila a Kunne” tun daga farko har baitin da aka yanke.

An keɓe wa Gwaggo kujera a sahun gaba. Gwaggo, ki yi haƙuri ki zo da hankici. Shekaru kina rawa da wannan waƙar a bukukuwa kina cewa ɗanki ne ya yi ta, ba ki san yayanki ne ke kiran ki a ciki ba. Ranar Asabar za ki ji sunanki, sai ki tsallaka titi ki tambayi ɗanki me ya sa ya cire shi.